Maganin Barcin da Ya Raba Ni da Ramatu

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin ciwo ne irin wanda namiji kan gwammace ya mutu da shi a ciki da ya buɗe baki ya faɗa. Ni ma haka na gwammace, kuma abin da ya cuce ni ke nan.

Sunana Isufu, mahauci ne ni, teburina yana kasuwar Arzèkè a Parakou. Asalinmu mutanen Djougou ne, jikokin fataken goro da suka sauke kaya a can ba su sake ɗauka ba. Lokacin da abin ya same ni ina da shekara talatin da bakwai, ina zaune a Kpébié da matata Ramatu, ita ma 'yar Djougou. Shekararmu huɗu da aure, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna.

Mafarin abin rashin barci ne. Ƙanena Sani, wanda muke sana'a tare, ya rasu a hatsarin mota yana dawowa daga kasuwar shanu. Ranar ni ya kamata in je, na tura shi don ina jin kasala. Bayan an yi addu'ar arba'in kowa ya koma harkarsa, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Na rame, na zama mai saurin fushi, rannan ina gyangyaɗi a tsaye har na datse kan yatsana a gaban mai sayen nama. Ramatu ta matsa sai da na je wani ƙaramin asibiti a Ganou. Likitan ya saurare ni da kyau, ya rubuta mini wata ƙwaya, ya ce rabi zan riƙa sha kafin in kwanta. Bai faɗa mini abin da ka iya biyo baya ba, ni ma ban tambaya ba. Takardar da ke cikin kwalin kuwa, mai ƙananan rubutun Faransanci, da ita na naɗe wa wata yarinya tsire.

Kwana goma ina shan rabi, barcin na zuwa sama-sama. Daren wata Juma'a na ce da kaina, rabi ya kawo wannan, ina ga biyu? Na haɗiye biyu.

Da asuba na farka na tarar gabana a miƙe. Ban ɗauke shi komai ba, kowane namiji ya san wannan. Na yi alwala, na yi salla a ɗaki, abu bai kwanta ba. Hantsi ya yi, bai kwanta ba. Babu sha'awa ko ta anini a raina, sai tauri kamar an cusa mini itace, sannan zafi ya fara, irin zafin yatsan da aka ɗaure da zare aka manta. Ranar ban je kasuwa ba, kuma tun da na balaga ranar na fara rasa sallar Juma'a.

Ramatu ta ce, "Malam, mu koma wajen wanda ya ba ka maganin."

Na ce, "In je in ce masa me? Matar da ke karɓar kati a wurin kullum a teburina take sayen hanta."

Na zuba ruwan sanyi, na ɗora ƙanƙara, na sha tsamiya, na sha lemun tsami har haƙorana suka mutu. Na yi ta safa da marwa a tsakar gida ina riƙe da bango. Ramatu na bina da ido, in ta yi magana in daka mata tsawa. Haka muka kwana. Wayewar Asabar fitsari ya fara gagarata, wurin ya yi baƙi ya kumbura, ko zane ya taɓa shi sai na ciji leɓe.

Bayan azahar ta shigo da mayafinta a kai. Ba ta zauna ba.

"Malam, ko ka tashi mu tafi, ko in fita ƙofar gida in tara maka unguwa su zo su ɗauke ka. Wata uku ke nan da aka fita da gawar Sani. Ba zan zauna ina kallo a fita da taka ba."

Ban iya hawa zem ba, wato babur ɗin haya, ko zama ba na iyawa. Ta je ta roƙi maƙwabcinmu Bawa, mahauci ɗan'uwana, ta ce masa ciwon mara ne. A bayan motar da muke ɗauko nama daga kwata aka shimfiɗa mini tabarma, aka kai ni asibiti a kwance.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin a can aka ceci raina, a can kuma na sha wulaƙancin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Layi ya kai ƙofa. Da muka iso gaban mai rubuta suna, ya ɗaga murya ba tare da ya ɗago kai ba, yana tambayar abin da ke damuna: "Qu'est-ce que vous avez?" Mutane a gabana, mutane a bayana, har da wata tsohuwa sa'ar uwata. Ramatu ce, da yake ta fi ni boko, ta sunkuya ta faɗa masa a hankali. Ya maimaita da ƙarfi don ya tabbatar. Wasu samari biyu masu fararen riguna suka haɗa ido, ɗaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Aka ce likitan da ya san wannan aiki ba ya nan, Asabar ce, sai an kira shi daga gida. Na kwanta a kan benci da zanen Ramatu a cinyata har bayan la'asar.

Da ya zo, dattijo ne mai furfura, mutumin kudu, ba ya jin Hausa, sai Faransanci a hankali da ɗan yaren Dendi. Ya kori kowa daga ɗakin, ya ja labule da hannunsa. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan labule kaɗai.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da asuba."

Ya dubi agogonsa, ya cire tabarau ya murza ido. "Mon frère, me ka zauna yi? Wannan ciwo awa huɗu ake ba shi. Kai ka ba shi fiye da talatin."

Ya ce sunan abin priapisme, kalmar da ban taɓa ji ba kuma ba zan manta ba. Ya tambayi abin da na sha, Ramatu ta ciro kwalin daga jakarta. Ya gyaɗa kai, ya ce maganin kan yi haka ga wasu mutane ƙalilan, ko da ba su wuce ƙa'ida ba, balle ni da na ninka. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa.

"To ka fi ni sanin nama. Jini ya shiga ya kasa fita. Naman da jini ya kwana a cikinsa babu iska, me yake zama?"

Na san amsar: ruɓewa yake.

Suka yi mini allurar kashe zafi, suka soka wata babbar allura suna zuƙo jinin. Ni mahauci ne, na san jini. Abin da na gani a cikin sirinjin baƙi ne wuluk, mai kauri, irin wanda ke daskarewa a kwatamin kwata in an bar shi ya wuni. Suka zuƙa, suka wanke, suka zuba magani, abu ya ɗan sassauta ya sake komawa. Daga ƙarshe sai da aka shiga da ni ɗakin tiyata aka buɗe wa jinin hanya.

Kwana tara na yi a kwance. Ramatu na kwana a tabarma a gindin gadona, ita ke zubar da robar fitsari, ita ke gudu farmasi duk lokacin da aka miƙo sabon ordonans, wato takardar magani. Ban san ta sayar da kekenta na ɗinki ba sai da muka koma gida na ga gurbinsa. Ranar sallama likitan ya zaunar da mu tare. Ya ce wani ɓangare na naman ya lalace, zai yi tabo ya taurare. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba: wasu ba sa dawowa ko kaɗan, wasu kan dawo da rabi, kuma abin na ɗaukar lokaci. Ya ce bayan rauni ya warke zai ɗora ni a kan wata ƙwaya ƙarama, da wani famfo na roba mai jawo jini, kuma in riƙa zuwa duk wata.

"Ka ba jikinka shekara guda," in ji shi. "Kafin nan kada ka yanke hukunci a kan komai."

Sati na huɗu na koma kasuwa. Ban san bakin da ya kai labarin ba, amma ya riga ni isa, kuma ya canza kama a hanya. Wai maganin ƙarfin maza na sha, irin na masu yawo da akwati, don in burge wata bazawara. Ina sara ƙashi ina jin ana ƙus-ƙus a teburin baya. Wani ya wuce ya ce, "Sannu, Janar!" aka fashe da dariya. Na yi sati biyu ina daurewa, rannan na naɗe wuƙaƙena na bar wa Bawa teburin. Muka tattara muka tafi Djougou, gidan Inna, mahaifiyata, da sunan hutu.

Inna ba ta taɓa tambayata komai ba. Kullum dai sakwara da miyar wagashi, wato cukun nonon shanu, da farfesun ƙafar sa, ta ajiye ta fita. Sauran dangi ne kowa ya zama likita. Yaya Bukari, babban wanmu, ya ce wannan aikin hannu ne, mahauta ba sa son ganin ɗan'uwansu ya ɗaga kai, don haka aka fara kawo rubutu kwano-kwano. Kawuna ya kai ni wani ƙauye a hanyar Natitingou wajen wani tsoho mai sassaƙe, wanda ya rantse cikin kwana bakwai zan nemi ƙarin mata. Kwana bakwai ɗin a bayan gida na yi su. Wani ya ce man damo, wani ya ce gashi da ruwan zafi, wani ya ce in ci gaban ayu. Duk na yi. Abin da ban yi ba shi ne abin da likita ya ce. Famfon robar na ɓoye shi a ƙasan akwati don kada wani ya gani, ƙwayar kuwa da ta ƙare ban koma Parakou karɓo wata ba. Na ce a raina ƙwayar bature ce ta kashe ni, ba ita za ta tashe ni ba.

A wata na huɗu na nemi matata. Babu abin da ya motsa. Na sake gwadawa bayan sati, haka. A karo na uku na tashi na zauna a bakin gado, na juya mata baya. Ta dafa kafaɗata.

"Malam, ni ban kawo ƙara ba. Likita shekara ya ce."

Na ture hannunta. Daga ranar na kwashe shimfiɗata na koma zaure. In ta kawo abinci in ce gishiri ya yi yawa. In ta yi kwalliya in ce wa take yi wa, in ba ta yi ba in ce ta riga ta fara takaba. Haƙurinta ma haushi yake ba ni, domin duk alherin da ta yi mini sai in ji kamar sadaka ake ba miskini. Matar nan da ta wanke mini abin da uwata ba za ta iya kallo ba, ita na mayar abokiyar gaba.

A wata na shida aka yi suna a gidan maƙwabta. Ina zaure, katanga ce kawai tsakanina da inda mata ke girki. Na ji wata ta ce, "Ramatu, ke kuma sai yaushe za mu ci naki?" Wata ta amsa mata, "Ki bar ta, ai ita yanzu da yayanta take zaune." Suka kwashe da shewa. Ban ji muryar Ramatu ba. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙi ne.

Washegari bayan sallar asuba na rubuta takarda. Na kira ta zaure na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa.

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Shekararki ashirin da bakwai. Ki je ki yi aure ki haihu."

"Na ce maka ina son tafiya? Ka tambaye ni?"

"Ba sai na tambaya ba."

"Ranar da ka ƙi zuwa asibiti ma haka ka yi, kai kaɗai ka yanke." Ta ajiye takardar. "Ciwon nan a jikinka yake, amma auren namu ne mu biyu, Malam."

Na tashi na fita. A lokacin gani nake na yi abin da namiji mai mutunci zai yi. Yanzu na san tsoro ne: gara in sake ta da hannuna da in zauna ina jiran ranar da za ta gaji. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. A rana ta huɗu ta ce, "Allah ya karɓe mini Sani, na yi haƙuri. Wannan kuwa kai ka karɓe mini ita."

Saki ɗaya ne, ina da damar mayar da ita kafin idda ta cika. Sau uku ta aiko. Na farko ta bakin gwaggonta, na biyu ta bakin Yaya Bukari. Na ukun saƙo ne a waya, saura kwana biyar iddarta ta ƙare: "Kayana suna ɗaure, ban kwance ba. Kalma ɗaya nake jira." Na karanta ya fi sau ashirin. Ban amsa ba.

Na koma Parakou ni kaɗai, na kama ɗaki a Ganou inda ba a san ni sosai ba, na karɓi teburina. Masu dariya sun riga sun sami wani abin dariyar. Da yake ba ni da sauran abin da zan rasa, kunyar ma ta fita daga idona, na koma wajen dattijon likita. Ya duba katina ya ga wata takwas ban zo ba. Ya tambayi ina madam. Na faɗa masa. Ya rubuta ƙwayar, ya sake koya mini aiki da famfon, ya ce in bar taba, in riƙa tafiya da ƙafa. Ya kuma tura ni wajen wata likitar da aikinta sauraro ne, saboda maganar Sani da rashin barci. A gabanta na fara yi wa ƙanena kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Ina cikin wata na biyu da wannan Yaya Bukari ya kira ni ya ce an ɗaura wa Ramatu aure da wani malamin makaranta a nan Djougou, mutumin kirki, matarsa ta rasu. Na ce Allah ya sanya alheri. Na ci gaba da shan magani don ban san abin da zan yi in na daina ba.

Wata biyu bayan haka, wata safiya, na farka na ji alama. Kaɗan ce, ta ɗan lokaci, kuma da ɗan karkata saboda tabon. Da farko tsoro ya kama ni, na zauna ina kallon agogo, sai na ga ya kwanta da kansa. Bayan kwana huɗu ta sake zuwa. Da na je wa likita ya gwada ni, ya yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce ba zan koma kamar da ba, amma da taimakon magani zan iya zaman aure, kuma babu abin da ya taɓa ƙwayar haihuwata. Ya miƙo mini hannu yana taya ni murna. Na fito na zauna a gindin mangwaron harabar asibitin. Masu zem na ta yi mini horon ko zan tafi, ni kuwa na rasa gidan da zan kai wannan albishir.

Na gode wa Allah, na gode wa dattijon nan, na gode wa Bawa da ya riƙe mini teburi bai ci amanata ba. Ina kuma roƙon masu rubuta magani su riƙa buɗe baki su faɗa wa jahili irina abin da zai kula da shi, masu karɓar marasa lafiya kuma su rage murya. Kai kuma ɗan'uwa, in ka ga gabanka ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, ko me ka sha, ko wa ke bakin ƙofar asibitin, ka tafi. Wanda zai yi maka dariya gobe ya manta. Kada ka ƙara wa kanka magani a kan abin da aka ce maka. In kuma Allah ya ba ka mai jinyarka da zuciya ɗaya, ka tambaye ta kafin ka yanke mata hukunci.

Da babbar Sallar da ta wuce na je Djougou kai wa Inna nama. Ina fitowa daga zaure da yamma muka yi kiciɓis da Ramatu, ta zo yi wa Inna barka da Salla, domin ba ta taɓa yanke wannan zumunci ba. Cikinta ya tsufa, tana tafiya tana dafe da ƙugu. Babu hanyar kaucewa, zauren ƙofa ɗaya gare shi. Muka gaisa kamar baƙi.

"Ya jiki?" in ji ta.

Da na ce alhamdulillahi na wuce, da ya fi. Amma gani na yi ita ce ta fi kowa haƙƙin sani.

"Na samu sauƙi. Likita ya ce na warke, gwargwado."

Ta ɗago ta dube ni. "Tun yaushe?"

"Wata biyu bayan ɗaurin aurenki."

Na ga leɓenta na motsi, tana lissafi. Ta kama bakin mayafinta ta matse shi a hannu har jijiyoyin hannun suka fito.

"Sau uku na aiko maka."

"Na sani."

"Kwana biyar ɗin nan ko wanka na shiga da wayar nake shiga."

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya tana tambayar wa ke nan. Ramatu ta share ido da bayan hannu, ta gyara mayafi a kan cikinta, ta raɓa ta gefena.

"Allah ya ƙara sauƙi, Isufu."

Shekara huɗu da rabi muna aure, ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.